Motar Hannu Don Tafiyar Iyali: Abin Da Masu Motoci Suka Ce

Da aka tambayi masu motoci wace motar hannu ce ta fi dacewa da tafiyar iyali, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun fi karkata ga ƙaramar bas irin Toyota Sienna ko Honda Odyssey a kan manyan jif. Ba ta shan mai kamar jif, kujerun baya suna ɗaukar manya ba tare da gwiwa ta tokare ba, ƙofarta kuma zugewa ake yi, yaro ba zai buga ta a jikin motar wani ba. Jif irin Sequoia sai ga mai jan tirela ko mai bin muguwar hanya.

An fi daɗewa ana magana a kan giyar mota. Odyssey ta 1999 zuwa 2004 ta yi ƙaurin suna wajen lalacewar giya, don haka a duba man giyar: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, a haƙura. Injinta yana da bel ɗin taimin, wanda ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, ana canzawa wajen kilomita 160,000, a tambayi shaidar canjin. Sienna daga 2007 sarƙa gare ta, wannan ɗawainiya ta ragu.

Ni dai na fi yarda da masu cewa takardun gyara sun fi ƙarancin kilomita muhimmanci. Kafin a biya, makanikenka ya ɗaga ta ya leƙa ƙasa, ko akwai tsatsa ko yoyon mai.