Na sa hannu sau biyu, ga tirela ta uku tana tafe

Ɗan Zuru: Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku rabona da barcin kirki. Shekara 4 ke nan da zuwana Sakkwato. Da farko kabu-kabu na yi, aka sace babur ɗin a Mabera, na rasa inda zan sa kaina. Wani dattijon majami'armu, Baba nake ce masa, ya ajiye ni a ɗakin yaransa wata takwas, ko sisi bai karɓa ba. Shi ne manaja a wani shagon siminti da rodi, shi ya tsaya mini aka ba ni sito. Ranar da Alhaji mai wurin ya miƙa mini makullai, cewa ya yi ya yarda da ni don ya ga ina riƙe da addinina.

Tirela buhu 600 take ɗaukowa daga kamfanin siminti na Kalambaina. Sau biyu ina ƙirga 560, Baba ya ce in rubuta 600, wai an sauke wa wani arba'in a hanya, kuɗi na nan tafe. Ranar lissafi sai na ga an shigar da su cikin waɗanda suka fashe ko suka daskare da damina. Baba ya ba ni dubu 20, wai na sha ruwa. Matata na da ciki wata bakwai. Alhamis wata tirelar za ta iso. Yaya zan yi?

Baba Mai Ritaya: Ɗana, sata ce, kada ka sa mata wani suna. Shekara 35 na yi aikin gwamnati, na ga irin wannan ba adadi. A Littafi Mai Tsarki, Luka sura 3, da masu karɓar haraji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, ya hana su karɓar fiye da abin da aka yanka musu, sojoji kuma ya ce su dangana da albashinsu. Gobe da safe ka tafi wurin Alhaji da littafin sito.

Maman Biyu: Baba Mai Ritaya, faɗa da baki da sauƙi. Maigidana ya ƙi sa hannu a takardar man fetur a ofis ɗinsu, aka cilla shi ƙauye wajen Tangaza, shekara uku ni kaɗai da yara. Waɗanda suka yi ta ce masa ya tsaya kan gaskiya ko mudun gero ba su kawo mana ba. Har a zumuntar mata sai da aka ce taurin kai ne da shi. Ƙanena, ka lallaɓa ka nemi wani aikin tukuna.

Ɗan Zuru: Ban taɓa kuɗin ba fa, suna cikin ambulan a ƙarƙashin katifa. Kuma ba ku san Baba ba, shi ya biya sadakina rabi.

Malamin Lahadi: Matiyu 18 ta ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka fara samunsa ku biyu kaɗai. In bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Ka gaya wa fasto?

Ɗan Zuru: Baba ne ma'ajin majami'a. Ta ina zan fara?

Baba Mai Ritaya: Ma'aji! To abin ya fi muni. Hananiya da Safiratu na cikin Littafi Mai Tsarki ma kuɗin gonarsu ne suka ɓoye, ka san ƙarshensu. Ranar da asiri ya tonu, sa hannun wa za a gani a takarda? Naka. Kai za a kai caji ofis, kuma duk kasuwa za a ce ga Kiristan da aka ba amana. Ka mayar masa da ambulan ɗinsa yau.

Maman Biyu: In aka kore shi, ku za ku biya kuɗin haihuwa?

Baba Mai Ritaya: Allahn da ya fitar da Yusufu daga kurkuku bai mutu ba.

Ɗan Zuru: Na gode duka. Amma watakila da gaske kuɗin na tafe, ban ga ya sayar da idona ba. Ina tunanin in ce ba ni da lafiya ranar Alhamis, yaron shago ya ƙirga.

Malamin Lahadi: Yaron nan shekararsa nawa? Shi za ka bari ya sa hannu?