Wai da gaske ne fankokin lantarki suna sa ciwo?

Ɗan_Charanchi:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin abun ku taimaka. Baffana ne ke son sayen gona can wajen Lambar Rimi a jihar Katsina, ba nisa da fankokin nan na wuta, sai ga wata odiyo ta shigo gurup ɗinmu na gida wai iskarsu tana sa cutar kansa, tana sa mata ɓari, har hadari ma wai suna korewa. Yanzu Inna ta kafe ba za a saya ba. Gaskiya ne ko shaci-faɗi?

Injiniya_KT:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka kwantar wa Inna da hankali. Fankar nan ba ita ke yin iska ba, iskar Allah ce ke juya ta, ita kuma ta juya janareto a sama, ba hayaƙi ba sinadari, to kansar ta ina za ta fito? Maganar hadari kuwa abin dariya ne, sandar da tsawonta bai wuce mita hamsin da ɗoriya ba ina ita ina gajimare.

Amma ba zan ce ba su da matsala ba. Akwai ƙara, wani fuu fuu fuu duk sanda fiffike ya gifta, da rana ba ka ma lura amma cikin dare in gari yayi tsit wanda gidansa ke kusa zai iya takura. A Kanada hukumar lafiyarsu ta bi gidaje sama da 1,200 ta fitar da sakamako a 2014, basu ga alaƙar ƙarar da wata cuta ba, abin da suka gani shi ne duk yadda ƙarar ta ƙaru haka masu cewa ta dame su ke ƙaruwa. Sai kuma inuwa, da hantsi ko la'asar sakaliya in rana ta bi ta bayan fiffiken inuwar tana ta wulgawa ta taga kamar ana wasa da makunnin fitila, a Jamus har ƙa'ida suka sa kada ta wuce minti 30 a rana. Shi Baffa noma zai yi ba kwana ba, gero ba ruwansa.

Mai_Shayi01:
Hhhh kai jama'a, ku bari su fara juyawa yadda ya kamata tukunna kafin su sa ciwo. Tun Marigayi Umaru Musa yana gwamna ake maganar aikin nan, fanka 37 megawat 10, har injiniya Bafaranshe aka sace a Rimi a 2012. Janareton maƙwabcinka da kake shaƙar hayaƙinsa kullum shi ya fi cancanta ayi masa odiyo wlh.

Maman_Hanifa:
Mai shayi ka faɗi gaskiya, hayaƙin janareto kam yana kashe mutane a ɗaki muna ji muna gani. Ni a asibiti nake aiki, tsoro kansa yana hana barci ya kawo ciwon kai, kaga in an cika wa mutum kunne da irin wannan odiyo ko fankar a tsaye take zai ji ba daɗi.

Waɗanda abin ke taɓawa da gaske tsuntsaye ne da jemagu. Bakin fiffiken gudu yake fiye da mota a kan titi duk da daga nesa zaka ga kamar a hankali yake, mikiya da ungulu kuma idonsu na ƙasa suna neman abinci. A wajen fankokin Altamont ta Amurka an yi asarar mikiya sosai. A ƙasar Norway sun gwada shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye ta ragu da kusan kashi 70.

Injiniya_KT:
Hakane Hajiya. Nima abin da zan ce Baffa ya bincika ba lafiya bace, takardun fili ne. Rigimar irin wannan aiki galibi kan ƙasa take, a Kenya wajen tafkin Turkana makiyaya sun kai ƙara, a 2021 kotu tace ba a bi doka ba wajen mallakar filin. Ya tabbatar gonar bata shiga cikin abin da gwamnati ta yanka ta biya diyya ba, kar a sayar masa da rigima.

Ɗan_Charanchi:
Nagode ƙwarai Allah ya saka. Zan ce ya je wurin mai unguwa ya tambaya kafin ya ba da ko sisi. Injiniya dan Allah ko zaka min odiyo ɗaya na tura wa Inna, ita in ba murya taji ba bata yarda.