Tallahin da gwamnati ke ba meri na kwasar shara, ta ina yake biyowa?

Ɗan Burja:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san harkar meri ya fahimtar da ni. Kullum ana cewa gwamnati na ba kwaminoni tallahi don tsabtar gari, to wanga kuɗɗi ta wace hanya yake zuwa, kuma wa ke yanke abin da za a yi da shi? Mu dai nan Maraɗi a kartiyenmu mai amalanke muke biya duk ƙarshen wata ya kwashe muna bola, shi kuma bawan Allah ba ya da wurin kai ta sai wani kango bayan gidaje, damina na sauka ruwa ya maido muna kayanmu cikin kanibo. Ga lanho muna biya. Ba faɗa nike nema ba, sani nike so.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Akwai hukuma da ake ce ma ANFICT, dokar da ta kafa ta tun 2008 ce, ta hannunta tallahin gwamnati ke isa ga kwaminoni, wani kaso na gudanar da aiki wani kuma na gine-gine. Amma ka sani ba a rubuta "shara" bisa kuɗɗin ba, kwamin ce ke tsara abin da ta sa gaba cikin bije ɗinta, aji ne, rijiya ce, ɗakin shan magani ne, shara kuwa kusan kullum ita ce ta ƙarshe a layi. Da kansaye ke zama su jefa ƙuri'a, amma tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun, wakilan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da meri. Sannan akwai kuɗɗin furoje irin PIDUREM na Bankin Duniya, su sun hi karkata ga kanibo da hanyar ruwa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne saye ya hi riƙo sauƙi. Kamiyon juye shara kowa na son a ɗauke shi hoto gabansa ranar da aka kawo, amma gazuwal da taya da albashin direba da masu shebur, wannan daga aljihun meri zai hito duk safiya, kuma nan ne abin ke tsayawa. Birni mai arondisma 3 ba a share shi da biki ɗaya.

Hajiya Mai Awaki:
Ni dai Baba ku bar maganar mota, ledar nan ita ta gama da mu. Jar akuyata da nike ji da ita ta dinga ramewa tana cin abinci kamar ba ta ci, ciki ƙato ƙafahu sun shanye, da mahauci ya yanka ya buɗe tumbin sai ga baƙar leda ta murɗe da zare da igiya dunƙule guda tauri, ya ce min Hajiya wanga kullum muna gani. Ba an yi doka a 2014 ta hana shigo da leda da saida ta ba? To yau ka sayi barkonon dala biyar a kasuwar Kadro a leda biyu za a ƙulla maka.

Na Tasha:
Hajiya Allah maida alheri. Ni sana'ata kenan, gwangwan nike saye, kuma in gaya muku sarrafa shara ba sabon abu ba ne a Maraɗi sai dai ba a kiranmu taro. Gwangwanin lemo masu zubi ke narkawa su yi tukwane da ludayi, ƙarhe da tsohuwar roba a auna a kilo a loda su tahi Kano, galan da buta ba su kwana a bola. Abin da ya rage mi ne? Mahi yawa rairayin share tsakar gida ne da toka da kashin bisashe, wato taki, manoman bakin Gulbi da kansu ke aiko amalanke, ledar da ke ciki ce kawai ke sa su tsaki. Da za a ba kowane kartiye hili guda da katanga, a sa matasa su tankaɗe da rariya su hidda leda, a ba masu amalanke takarda su san nan za su juye, wallahi kuɗɗin kamiyo ɗaya ya isa a yi wurare da dama.

Zariya2:
Hmm hili? A ina? Wa zai yarda a sa mai jibji ƙohwar gida, kai ma ba ka yarda. Lokacin Maraɗi Kwalliya, bikin ranar Jamhuriya da aka yi nan a 2015, gari ya yi fes, mu da kanmu munka koma zuba shara cikin kanibon da aka gina.

Baba Mai Ritaya:
Ɗan Burja, ku samu mai unguwa ku tahi tare ofishin arondisman ku da takarda sa hannun magidanta, ku nemi a nuna muku wurin juyi na hukuma, kuma ku je kahin ƙarshen shekara lokacin da ake tsara bije, in an rufe sai baɗi.

Ɗan Burja:
Na gode Baba, Juma'a bayan masallaci za mu ga mai unguwa in sha Allah. Na Tasha, nawa kuke sayen kilon roba yanzu? Akwai tsofaffin kujeru zube a gidanmu.