Ƙyanƙyasar ƙwai a gida cikin sanyin Jos: kowa ya faɗi yadda ya yi

Maman Khalil, Rikkos: Salamu alaikum. Ina so in daina sayen 'yan tsaki, in riƙa ƙyanƙyashe nawa. Hunturu ya matso, ga ɗauke wuta. Kaza zan sa wa ko inji zan saya?

Malam Sani, Bukur: Wa alaikumus salam Hajiya. Fara da kazar gida. In ta yi kwanci, ƙwai 10 zuwa 12 ya ishe ta, kwana 21 ta fito miki da su. Ni a hunturu 8 nake sa wa, don na gefe sanyi ke kashe su. Akurkin ya ba iska baya, a shimfiɗa ciyawa da kauri, a barbaɗa toka saboda ƙuma. Kuma kada ki sa ƙwan kiret na kasuwa, kajin gona ba zakara a cikinsu.

Anti Rabi, Gangare: Inji gare ni mai ɗaukar ƙwai 56, da batir da sola. Zafi ba ya ba ni wahala, yana nan a digiri 37.5 na Celsius. Bushewar iska ce matsalar Jos. A Janairu tsakin zai huda ɓawo, fatar ciki ta bushe ta manne masa, ya mutu a haka. Abin da ciwo wallahi, ki ga rai ya kai bakin ƙofa ya kasa fitowa. Yanzu daga kwana na 18 nake daina juya ƙwan, in ƙara ruwa da soso har laima ta kai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, ba na sake buɗe murfin sai sun gama.

Maman Khalil: Anti, ya ake gane baragurbi?

Anti Rabi: Haska tocila a duhu a kwana na 7. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja. Wanda kika gani tas ba jijiya, cire shi. Ƙwan da ya wuce mako guda a ajiye ma ban cika sa shi ba, kuma ba na wankewa.

Baba Idi, Anguwar Rogo: 'Yata, ƙyanƙyashewa rabin aiki ne. Nawa makon farko suka fi mutuwa, sai da na fara kwana da su a ɗaki kusa da kaskon gawayi, taga a ɗan buɗe saboda hayaƙi. Ki yi musu rigakafin cutar Newcastle mai kashe kaji, a nan Vom kusa da Jos ake yin sa. Kwalba ɗaya ta yi wa gida ɗaya yawa, mu da maƙwabta muke haɗa kuɗi mu raba rana guda.