Mataimakiyar malami ce ko mai raino?

Mai kawo zance: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Wata bakwai ke nan ina aikin mataimakiyar malami a aji ɗaya na firamare. Akwai yaron da kullum "b" ɗinsa ke komawa "d". Sati uku ina durƙushe gefen bencinsa, hannuna a kan nasa, har ya rubuta sunansa da kansa. Yau mahaifinsa ya zo ya yi ta yi wa malamin aji godiya, ni kuwa ya ce mini "sannu da raino". Don Allah, mai son shiga wannan aiki, wane horo zai nema a daina yi masa wannan kallo?

Uwar yara huɗu: To ƙanwata, raino abin kunya ne? Mu da muke yinsa dare da rana fa?

Mai kawo zance: Yaya, ban ce abin kunya ne ba.

Uwar yara huɗu: Kin ce mana, tunda har ranki ya ɓaci.

Tsohon malami: 'Yata, ki yi haƙuri. Shekara talatin ina riƙe da alli. Wanda ya tsara darasi, ya auna fahimtar yara, shi ne malami. A Ingila an yi babban bincike ƙarƙashin Peter Blatchford, sakamakon ya fito a 2009: yaran da suka fi samun taimakon mataimaka su ne suka fi tafiyar hawainiya a karatu.

Wani mataimaki: Baba, ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Masu binciken ba mataimaka suka ɗora wa laifi ba. Yaran da suka fi rauni ake miƙa musu, malami ya janye jiki, kuma ba a ware lokacin da za su zauna su tsara aiki tare. A Indiya kuwa, shirin Balsakhi na ƙungiyar Pratham ya ɗauki 'yan mata, horon sati biyu kacal, suna zama awa biyu kullum da yaran da aka bari a baya a Mumbai da Vadodara, kuma karatun yaran ya ɗaga.

Tsohon malami: Ni kake cewa na haɗiye magana? Ɗana, na koyar da waɗanda suka girme ka.

Wani mataimaki: Allah ya huci zuciyarka, Baba, amma girma dabam, hujja dabam.

Wata malama: Kai ma ka san furucin bai dace ba. Ka janye shi kawai.

Uwar yara huɗu: Har yanzu ba wanda ya amsa mini. Share hawayen yaro da ɗaure masa igiyar takalmi, in ba raino ba, mene ne sunansa?

Wata malama: Hajiya, ni ma ina yin su, kuma ba a taɓa kirana mai raino ba.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Ni ma malami ne, na bi zancen tun farko. Abin da ya fito fili: uban yaron bai yi niyyar cin fuska ba, raino aiki ne mai daraja, alhakin aji kuma yana wuyan malami kamar yadda Baba ya nuna da hujja. Wanda ya yi wa Baba furucin nan ya ba shi haƙuri.

Mai kawo zance: Na gode, Malam. Tambayata kan horo tana nan dai. Wanda ya sani ya taimaka ya yi mini magana, gobe da safe zan koma wajen yaron.