Neman shawara: ƙarfin doki nawa injin motata zai ƙaru idan na yi masa gyare-gyare?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da Honda Accord ta 2004, wadda aka fi sani da EOD, mai silinda huɗu da inji lita 2.4. Wani mai sayar da kayan mota ya ce mini idan na cire akwatin matacin iska na sa buɗaɗɗen mataci zan samu ƙarin ƙarfin doki 15, idan na sa salansa mai faɗi in samu 20, idan kuma aka sake saita birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, in samu 25, jimilla 60 ke nan. Kafin in shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da kuɗina, ina so masana su faɗa mini ko haka ake yin wannan lissafi.

Wani injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, ba a tara waɗannan alƙaluma kamar kuɗin cefane, domin mataci da salansa da birenbos duk aiki ɗaya suke taimaka wa, wato shigar iska da fitarta, kuma yawan iskar da injin lita 2.4 zai iya shaƙa yana da iyaka. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne ƙarfin da kake da shi yau. Kamfanin Honda ya rubuta wa wannan inji ƙarfin doki 160, amma an auna shi ne yana sabo, a yanayi mai kusan digiri 25. Kano tana kan tudu mai kusan mita 480 sama da teku, kuma injin da ba shi da tarbo, wato na'urar da ke matsa iska cikin inji, yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 a kowane mita 300, sannan duk ƙarin zafin digiri 6 yana cin kusan wani kashi 1. Saboda haka, da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, da wuya injinka ya wuce 150 ko da yana da cikakkiyar lafiya, kuma giyabos zai cinye kusan kashi 15 na wannan kafin ya isa tayoyi. Dangane da kayan da aka lissafa maka, mataci da salansa a haɗe sukan ba da 5 zuwa 10 a irin wannan inji, galibi can sama lokacin da inji ke juyawa fiye da sau 5,000 a minti, inda ba ka kaiwa a cunkoson Titin Zariya. Ni a ganina, idan duka ukun suka ba ka 15, ka samu da yawa.

Wani bakanike daga Kwakwaci:
Alhaji, ina goyon bayan injiniya, kuma ina roƙonka kada ka sa buɗaɗɗen mataci a garin nan. Yana zaune ne kusa da inji yana shaƙar iska mai zafi, ga shi ba ya tare ƙurar hunturu yadda na asali yake tarewa, ita kuwa ƙura idan ta shiga, ringi da bangon silinda take ci. Motar da ta haura shekara ashirin ta riga ta zubar da wani ɓangare na ƙarfinta, don haka a fara auna matsin kowace silinda, a canza fulogi, a wanke nozul, a duba ko indomi, wato matacin hayaƙin da ke cikin salansa, ta toshe. Sau da yawa abin da ke dawowa daga wannan aiki ya fi abin da sabon salansa zai bayar, ga sauƙin kuɗi.

Wani mai sharhi:
Ƙarar salansa tana yaudarar kunne, sai mutum ya ɗauka gudu ne ya ƙaru. Ka auna daƙiƙun da motar ke ɗauka daga gudun kilomita 60 zuwa 100, a hanyar da babu jama'a, da wani a gefenka yana riƙe da agogo, ka maimaita, sannan bayan gyara ka sake aunawa a hanya ɗaya da lokaci ɗaya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To, Yallaɓai injiniya, idan tarbo aka sa fa?

Injiniya:
Tarbo kam lissafinsa daban ne, domin tura iska yake yi da ƙarfi. Matsin iska a bakin teku 14.7 ne a ma'aunin matsi na psi, idan tarbo ya ƙara 7 sai ka raba 21.7 da 14.7, ka samu kusan 1.48, wato 160 ya koma kusan 236 a takarda. A zahiri ƙarin yakan tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 40, saboda iskar da aka matse tana ɗaukar zafi. Wannan kuma yana buƙatar manyan nozul, da na'urar sanyaya iska, da lafiyayyen lagireto, da wanda ya ƙware wajen saita birenbos, domin idan mai ya yi wa iska kaɗan, ko fetur ɗin ya kasa jure matsin, fistin ne zai narke. Idan motarka otomatik ce, ka haɗa da kuɗin giyabos da na birki a lissafin tun kafin ka sayi tarbon.