Neman shawara: faifaina sun cika, ina zan riƙa ajiye aikina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo, kuma ni kaɗai nake aiki, ni ce ɗauka ni ce tacewa. Kyamarata tana cin kusan gigabayit 45 a kowace awa idan ina ɗaukar bidiyo mai ingancin 4K, ban da hotunan RAW, wato ɗanyun hotunan da ba a tace ba. Ƙananan faifai huɗu gare ni, irin na aljihu, kowanne na liƙa masa takarda na rubuta shekara. Makon jiya na jona ɗaya, sai na ji yana ƙas-ƙas-ƙas, kwamfuta ta ƙi ganinsa. Wallahi jikina ya yi sanyi, domin akwai aikin wata kwastoma a ciki da ban miƙa ba. Allah Ya taimake ni ban goge katin kyamara ba. Abin da nake da shi ya kai terabayit 7, yana ƙaruwa da kamar 3 duk shekara. Don Allah me zan saya? Babban SSD (faifai mai sauri marar sassa masu motsi), ko NAS (akwatin faifai da ake jonawa ta hanyar sadarwar gida), ko in tura komai ma'ajiyar intanet?

Wani mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin komai, ki daina jona wannan mai ƙarar. Galibi allurar karatun ce ta samu matsala, kuma duk jonawa tana iya kankare fuskar faifan. Ki ajiye shi sai kin samu masu ceto bayanai.

Dattijon mai hoto: 'Yata, na daɗe a wannan sana'a, na kuma taɓa rasa aikin shekara guda, shi ya sa maganarki ta taɓa ni. Abu biyu kike nema a wuri ɗaya: teburin aiki da rumbu. Na aiki shi ne SSD mai terabayit 2. Idan kwamfutarki na da kafar USB mai gigabit 10, zai ba ki kusan megabayit 1,000 a daƙiƙa, bidiyo ba zai riƙa sarƙewa ba. Aikin da kike kai kawai za ki sa masa. Rumbu kuwa manyan faifan HDD ne, wato masu juyawa, na kan tebur, masu wayar wutarsu daban. Gudunsu bai cika wuce megabayit 250 ba, amma wurin da suke bayarwa a kan kuɗi ɗaya ya ninka na SSD nesa ba kusa ba. Ki sayi biyu, kowanne terabayit 16, abin da ke cikin wannan shi ke cikin wancan. Kada ki firgita idan Windows ta nuna miki 14.5, bambancin lissafi ne. Ƙa'idar da muke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Gobara ko ɓarawo ba sa barin faifai na biyu idan yana kusa da na farko.

Wani mai tace bidiyo: Ni dai NAS nake amfani da shi, na kamfanin Synology mai ɗaukar faifai huɗu a tsarin RAID 5, wanda ke haɗa su su yi aiki kamar ɗaya. Faifai ɗaya ya mutu, sai ka sa sabo ya sake gina kansa. Faifan HDD na da salon rubutu iri biyu, CMR da SMR; ki tabbatar faifan CMR ne, SMR yana jan ƙafa sosai wajen sake ginin.

Dattijon mai hoto: Gaskiya ne Malam, amma a faɗa mata sauran. RAID yana kare mutum daga mutuwar faifai ne kawai. Idan ta goge fayil bisa kuskure, ko ƙwayar cutar kwamfuta ta masu neman kuɗin fansa ta kulle shi, duka huɗun ya shafa. Sannan a kan wayar sadarwa mai gigabit ɗaya, gudun NAS bai wuce megabayit 120 a daƙiƙa ba, ga shi yana son UPS, batirin da ke riƙe shi idan an ɗauke wuta. Mai kwamfuta ɗaya ba ta matsu da shi ba tukuna.

Wata mai zane: 'Yar'uwa, batun intanet ki yi lissafi tukuna. Terabayit 7 a kan layin da ke tura megabit 20 a daƙiƙa ya haura wata guda ba tsayawa. Ni ayyukan da na kammala da zaɓaɓɓun hotuna kawai nake turawa. Ki kuma lura, foldar da ke daidaita kanta da Google Drive ko Dropbox, abin da kika goge a kwamfuta yana gogewa a can ma.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na cire mai ƙarar na sa a akwati. Zan fara da SSD da manyan biyun, ɗaya zai zauna a gidan yayata. Baba, sau nawa zan riƙa ɗauko shi ina sabuntawa?

Dattijon mai hoto: Duk sanda kika gama aiki, kafin ki goge katin kyamara. Idan kin kwafe, ki buɗe bidiyo biyu ko uku daga cikinsa ki kalla da idonki, sannan ki mayar da shi.